Fuskar da Warwick Ya Zuba a Ƙaro

Laifi ɗaya ne ba a yafewa a ƙungiyar masu haɗa 'yan sojojin ado ta garin Gawler: duk wanda ya taɓa aikin wani ranar gasa, ko da ɗan yatsa ne, an kore shi ke nan har abada. Neville Trembath ne ya kawo dokar, shi ne kuma alƙalin gasar tun gashinsa na baƙi. Tun da matarsa ta rasu, ba shi da wurin zuwa sai zauren ƙungiyar.

Ranar Asabar ɗin da ake gasar zauren ya cika maƙil, ƙamshin nama da albasar da ake gasawa a bakin ƙofa na shigowa. Neville na bin tebura, hannuwa goye a baya, madubin ƙara girma a goshi. Tankoki ne da jirage, da 'yan sojoji masu tsawon babban yatsa, waɗanda aka zuba da ƙaron rezin aka yi musu fenti.

Tun daga nesa ya hango an yi dandazo a teburin Warwick Noack, ana ƙunshe dariya. Warwick kaɗai ke sassaƙa nasa sojojin da hannu, kuma na Jamus kawai yake yi. Bara Neville ya hana shi lambar zinariya a kan launin maɓallan riga. Tun ranar ko gaisawa ba sa yi.

"Ku ba da hanya, ga sarkin maɓalli nan!" in ji Warwick, yana shafa tumbi. "Ranka ya daɗe, matso ka ƙirga. Bana har ramin maɓalli na huda maka."

"Bakinka ya fi burushinka aiki," in ji Neville. Ya sauke madubin, ya sunkuya.

Sojan Jamus ne ya sato agwagwa, ya maƙale ta a hammata yana gudu, wando na zamewa. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Sai idon Neville ya kai kan fuskar: karkataccen hanci, kunnuwa kamar marikin tukunya, haɓa mai tsaga. Fuskarsa ce sak. Dariyar da ake ɓoyewa ta fashe.

Da iyakar abin ke nan, da ya haɗiye. Amma da yake soja saurayi ne, Warwick ya share tamoji, ya mayar da gashi baƙi. Wanda Neville ke kallo ba shi ba ne, mahaifinsa ne, Clem, kamar yadda yake a hoton da aka ɗauke shi kafin a tura su yaƙi a tsibirin Crete. Can Jamusawa suka kama shi. Ya dawo gida ba yatsun ƙafa, har ya mutu bai yarda an rufe masa ƙofar ɗaki ba. Yau ga shi cikin kakinsu, ana yi masa dariya.

"Ɗauke shi daga teburin nan," in ji Neville, murya ƙasa-ƙasa.

"A kan wane dalili? Nemo aibu, tsoho. Ai sana'arka ce."

"Ubana ne wannan. Fursunan Jamusawan nan ne."

Warwick ya ɗan yi turus, ya dubi jama'a, ya ga duk shi ake kallo. Sai ya ɗaga kafaɗa.

"Ni ban san ubanka ba. Kai na sassaƙa. In kunnuwan gado ne, wannan matsalar gidanku ce."

Glenys Hocking, shugabar ƙungiya, ta kutso da kofin shayi a hannu. "Neville, kada ka soma. Ka san doka, kai ka kawo ta. Ba shi makinsa ka wuce."

Ya sani sarai. Ya san kuma abin da ke jiransa a gida: kujera, talabijin, da shiru. Ya kwance hannuwansa daga baya, ya ɗauki ɗan sojan da yatsu biyu, ya ajiye a ƙasa, ya ɗora dunduniya. Ƙas! Kamar an taka busasshiyar gyaɗa.

Glenys ta miƙa hannu, ba ta ko dube shi ba. "Kawo bajen alƙali."

Ya cire alamar daga gaban rigarsa ya ba ta.

"Wahalar banza ka yi wa takalminka," in ji Warwick, fuska ta yi jawur. "Mazubinsa na gida. Kafin shayin Glenys ya huce na zuba wani. Rabin mutanen nan sun riga sun ce in yi musu nasu. Ku faɗa masa mana!"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka koma kallon tankoki. Aka buɗe wa Neville hanya, ya wuce, ba wanda ya bi shi.

A wurin ajiye motoci ya ji wani abu na ƙwas-ƙwas a ƙasan takalminsa. Ya jingina da mota, ya ɗaga ƙafa. Kan ɗan sojan ne ya maƙale a tsagar roba, bai kai ƙwayar wake ba, hular ta ɓalle amma fuskar lafiya lau. Ya zaƙulo shi da makulli, ya goge da gefen riga, ya sa a aljihun ƙirji, ya tayar da mota.