Allurai Goma Sha Tara

Sati uku da rasuwar Auta, Baba bai buɗe shago ba. Ƙanwata ce, shekararta goma sha shida. Ta dawo daga makaranta ta ce kanta na sarawa, ta kwanta, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Har yau in na faɗa sai in ji kamar ƙarya nake shararawa.

Baba da hannu yake gyaran tufafi. In kwat ɗinka ta yage ya ɗinke ta, sai ka nemi wurin ka rasa. Yanzu kuwa ya tare a falo yana kallon bango, shayi na hucewa a gabansa. Mama ta lallaɓa, ƙannensa sun yi ta ba da baki. Ni da Allah bai yanka min haƙuri da yawa ba, ran Litinin na ɗauko mukulli na tsaya a kansa.

"Baba, tashi mu je. Ko shara ce mu yi."

"Ke dai ba kya barin mutum ya sarara," in ji shi. Amma ya lalubo takalminsa.

Shagon na nan yadda ya bar shi, kayan mutane a rataye, kowanne da 'yar takardarsa. A kan tebur ga wani ɗan matashi cike da allurai, kowacce da zarenta na reto: baƙi, fari, shuɗi, ruwan toka. Na ƙirga, goma sha tara. Baba na ganinsu ya zauna daɓas.

"Shekara biyu ke nan ba na ganin kafar allura, ko da tabarau," ya ce. "Ko uwarku ba ta sani ba. Kullum Auta kan biyo ta zura min zare kafin ta wuce makaranta. Ran nan ta ce za su fara jarrabawa, bari ta tara min da yawa."

Ni ce mai yi mata tsiya kullum safiya, wai sammakon gulma take yi. Kunya da kewarta suka taso min lokaci guda, na yi kuka mai isata.

"In na taɓa su ƙarewa za su yi," Baba ya ce a hankali. "Daga nan kuma shi ke nan."

Na share fuska na zaro sabuwar allura. Ni fa a gidanmu ko kofi ba a ba ni riƙo. Na lashi zare, na kanne ido, na soka, ya lanƙwashe. Sai a karo na bakwai ya shiga, na ja shi har ƙasa na ƙulla masa ƙulli kamar dunƙulen hannu.

Baba ya shafa zaren. "Wannan igiyar shanya ce?"

"Ai gara ya yi yawa."

"Daga yatsa zuwa gwiwar hannu, malama. Kuma a karkace ake yanke bakinsa." Sai dariya ta kuɓuce masa, 'yar guntuwa, ta farko tun ranar.

"Gobe kuma sai wajen likitan ido, ko ka so ko ka ƙi," na ce.

Ya sauko da wata kwat mai ruwan toka, ya daɗe yana kallon ɗan matashin, sannan ya zare allurar Auta guda.

"Baba..."

"Don aiki ta zura su. Da tana nan ta ga na zuba musu ido, da na sha tsiya."

Ya yi ta ɗinki, ni ina shara. Da zaren ya ƙare ya miƙo min allurar.

"Ungo, zura. Ki mayar da ita cikin 'yan uwanta."

Sau huɗu kacal na gwada. Na soke ta a matashin na sake ƙirgawa, suna nan goma sha tara.