Tsakuwar Rijiyar Baffa Yahya

Tun Aina'u tana 'yar mitsitsiya aka san ta da tambaya. Idan Inna ta aike ta ɗebo wuta a maƙwabta, sai ta tsugunna a hanya tana kallon tururuwa na fito da ƙasa daga rami, har garwashin ya mutu a kasko. Kakarta Hure takan ce, "Ke dai da ana sayen tambaya a kasuwar Zakirai, da tuni kin gina mana soro."

A shekarar da ta shiga aji shida aka kawo musu sabon malamin kimiyya, Malam Uwais, wani siririn saurayi da ke zuwa daga Gezawa a kan babur. Makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, tagogin ajin ma ba ƙyaure. Amma shi ba ya zuwa hannu rabbana. Kullum da buhu ɗaure a bayan babur, cike da tsofaffin gorunan roba da gwangwanayen madara da tsummoki. A bayan idonsa yara suka sa masa suna Malam Jari-Bola.

Da suka zo darasin ƙasa, ya ce kowa ya ɗebo ta gonarsu ya kawo. Aka zuba a goruna, aka cika da ruwa, aka yi ta girgizawa har ta zama kamar kunu, sannan aka jera a bakin taga. Washegari Aina'u ta riga kowa shiga aji. Ƙasar gonarsu, wadda ta sani tun tana rarrafe, ta kwanta hawa-hawa: yashi mai kauri a gindi, mai laushi a kansa, laka siririya a can sama, ɓurɓushin karan dawa kuma na yawo a kan ruwan.

"Malam, wa ya jera su haka?"

"Nauyinsu ne," in ji shi. "Mai nauyi ya riga sauka, marar nauyi ya zo daga baya."

Wata rana kuma ya zo da farin bokitin roba wanda ake hango cikinsa. Ya daɓe gindinsa da laka. Ya ɗauki wata gora da ya yanke wa kai da gindi, ya huhhuda jikinta da ƙusa, ya kafa ta a tsakiya, ya cika kewayenta da yashi. Sannan ya miƙa wa Fatihu, wanda ya fi kowa surutu a ajin, buta.

"Yau kai ne damina. Zuba a kan yashin, kada ɗigo ya shiga gorar."

Fatihu ya yi ta zubawa har da kwaikwayon tsawa da baki. Ruwan ya nutse ya ɓace. Yara suka taru suna leƙa gorar, ba komai sai laka. Can sai gindinta ya fara sheƙi, ruwa ya tsattsafo ta hujojin, yana tasowa a hankali.

"Ga rijiyarku nan," in ji Malam Uwais. "Ruwan sama ya ratsa yashi, ya tarar da laka ta tare masa hanya, ya tsaya. Duk wanda ya haƙa rami ya kai wurin, zai same shi."

Aina'u ta koma gida da gudu ta gaya wa Hure cewa ruwan rijiya ruwan damina ne da ya ɓuya. Tsohuwar tana tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sama daban, na rijiya daban. Ba ki ga na sama ya fi kumfa da sabulu ba?"

Wannan ya tsaya wa Aina'u a rai, don ita ma ta san haka ne. Da safe ta kai wa Malam maganar. Ya yi dariya, ya ce kakarta ta lura da kyau, ruwa ɗaya ne, amma a hanyarsa ta ratsa ƙasa yakan kwashi gishirin da ke cikinta, shi ke hana sabulu kumfa.

Da bazara ta kama, ƙanen mahaifinta, Baffa Yahya, ya kira Baba Sha'aban mai haƙar rijiya ya haƙa masa ɗaya a bayan gida, don matan gidan sun gaji da layin famfon bakin masallaci. Baba Sha'aban ne ke ciki da dagi, abokin aikinsa Iliyasu na sama yana jawo bokitin ƙasa yana juyewa a gindin darbejiya. Aina'u ta fara zuwa bayan an tashi daga Islamiyya, da doguwar gora a hannu.

"Ke, matsa daga bakin ramin nan!" Baffa Yahya ya daka mata tsawa ranar farko.

"Baffa, ba ramin zan je ba. Ƙasar nake so."

"Ƙasa? Duk ƙasar da ke garin nan ba ta ishe ki ba?"

Iliyasu ya ce a bar ta, in dai a gindin bishiyar za ta tsaya. Daga nan duk lokacin da launin ƙasar ya sauya, sai ta ɗibi kaɗan ta zuba a gorarta a kan ta jiya. Farar jigawa ce ta fara fitowa, sai jar ƙasa, sai marmara mai tauri wadda ta sa Baba Sha'aban ya yi kwanaki yana fama har dagi na fitar da wuta. A ƙarƙashinta aka shiga wata ƙasa ruwan ɗorawa mai danƙo.

Wata La'asar Iliyasu ya juye bokiti, sai ta ji ƙarar ba irin ta kullum ba. Yashi ne mai kauri, da sanyi-sanyi a jikinsa, gauraye da tsakuwa. Ta ɗauki guda ta goge da bakin hijabinta. Fara ce, mulmulalliya kamar ƙwan kurciya, ba kaifi ko ta ina. Ta tona ta sami wasu, har da mai ruwan zuma. Tsakuwar da ta sani a garinsu ita ce wadda tifa ke kawowa in za a yi gini, mai kaifi, mai huda silifa. Irin wannan kuwa sau ɗaya ta taɓa gani, lokacin da suka je biki garin su Inna, inda kogi ya ratsa ta bayan gari.

Da Baba Sha'aban ya fito shan iska, jikinsa duk ƙasa, ta nuna masa.

"Baba, wa ya goge su haka a can ƙasa?"

Ya kurɓi ruwa a moɗa. "Haka Allah ya halicce su, 'yar nan."

"Aljanu ne ke dara da su," in ji Iliyasu, yana ƙunshe dariya.

Washegari ta zube su a kan teburin Malam Uwais. Ya ɗauki guda yana jujjuyawa, ya tambaye ta zurfin da aka same su, ya duba gorarta mai hawa-hawa.

"Ina da zato," ya ce daga baya. "Amma kada na gaya muku. Mu gwada mu gani."

Ya aika aka samo fasasshiyar tukunyar ƙasa a bayan aji, ya ƙara farfasa ta ƙanana. Kowa ya taɓa ya ji kaifin bakinsu. Rabi ya bari a kan tebur, rabi ya zuba a babban gwangwanin madara tare da yashi da ruwa, ya danne murfin. Ya ce a yi ta girgizawa, in hannun wannan ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi.

Ƙarar ta cika makarantar. Hedimasta ya leƙo ya tambaya ko biki ake a aji shida. Da aka yi masa bayani, shi ma ya karɓa ya ɗan kaɗa kafin ya wuce. Haka suka yi ta yi a lokacin tara da duk sa'ad da wani malami bai shigo ba, har mako ya kusa ƙarewa. Aina'u ta girgiza har kafaɗarta ta yi tsami.

Ranar da aka buɗe, ruwan ya koma ja jawur. Malam ya tsame gutsattsarin ya jera su kusa da waɗanda aka bari. Ba su zama kamar ƙwai ba, amma duk kaifin ya tafi, bakinsu ya dakushe ya yi santsi.

"Me ya cinye kaifin?"

"Gugar juna!" yara suka amsa.

"To, mu ne muka girgiza gwangwani. A daji, wa ke mirgina duwatsu cikin ruwa da yashi, shekara da shekaru, ba ya gajiya?"

Maijidda, ƙawar Aina'u, ta ɗaga hannu. "Kogi, Malam."

"Amma ai babu kogi a gidan Baffa," in ji Aina'u.

"Yanzu babu," in ji Malam Uwais.

Aina'u ta sake duban tsakuwarta. Ta tuna bayan gidan Baffa, da turken awaki da rumbu da busasshiyar ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa.

"Yaushe ke nan, Malam?"

"Ban sani ba. Na dai san kafin ƙasa mai kaurin nan ta taru a kansa, an daɗe ƙwarai, tun ba a kafa garin nan ba. Zan tambayi wani malamina a Kano. Kuma ku sani, rijiya guda ba ta isa mu rantse ba. Da za a sami irin tsakuwar nan a wasu rijiyoyin, da zaton ya yi ƙarfi."

A gida Hure ta saurari labarin har ƙarshe, wannan karon ta ajiye abin da take yi. Ta murza tsakuwar a tafin hannunta. Ta ce ita dai ta taso ta tarar da kakanninta, ba wanda ya taɓa ambata kogi a nan. "Amma dutsen nan ya sha ruwa, wannan kam ko makaho ya shafa ya sani." Ta ce a bar mata babbar.

Ba a jima ba ruwa ya ɓullo a rijiyar, cikin yashin nan mai tsakuwa. Baffa Yahya ya yi sadakar waina, mata suka yi ta leƙe. Aina'u ta bari sai da Baba Sha'aban ya zauna yana naɗe igiya, sannan ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ka taɓa samun irin tsakuwar nan a wata rijiyar?"

Ya dakata da naɗin. "Na samu mana. A gidan Liman akwai. Ta bayan makarantarku ma, wadda na haƙa wa masu lambu, akwai." Ya ci gaba da naɗin. "Amma ta gidan Ɗanladi babu, ga shi kuwa kusa da nan. Can dutse na tarar, da ƙyar aka sami ruwa. Me ya sa kike tambaya?"

Ta gaya masa zancen gwangwani da kogi. Ya kalle ta, ya kalli ramin da ya fito daga ciki.

"Ikon Allah. Shekarata nawa ina fito da su, ban taɓa tambayar kaina ba."

Ranar Alhamis bayan an tashi, Malam Uwais ya jingine babur ɗinsa a ofis, shi da 'yan ajin suka bi Baba Sha'aban. Daga rijiyar Baffa suka nufi gidan Liman, daga nan suka ɓulla ta bayan makaranta. A kowane wuri sai yara su bazu suna tona tsohon tudun ƙasar da aka fitar, in ba a kwashe shi an yi yaɓe da shi ba. A lambu Fatihu ya tono guda mai santsi ya yi ta ihu. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Ta bar gidan Ɗanladi a hannun hagu, ta lanƙwasa ta ratsa gonakin gero da aka share ana jiran ruwan shuka. Aina'u na tafe tana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunta, tana ƙoƙarin ganin faɗin ruwan, da inda gaɓarsa take, da ko akwai kifi a ciki.

A ƙarshen gonakin Baba Sha'aban ya nuna wani gida shi kaɗai kusa da kuka. Ya ce rijiyar can mahaifinsa ne ya haƙa ta, shi bai san abin da aka tarar ba. Malam ya dubi rana, ya ce duk wanda ya gaji ya koma gida. Kaɗan ne suka juya.

Mai gidan, wani dattijo mai sanda, ya nuna musu inda aka zubar da ƙasar a da, yanzu ciyawa ta rufe shi. Baba Sha'aban ya sassare wurin da daginsa, yara suka tona da itace da hannu har ƙumbunansu suka cika da ƙasa. Marmara suka samu, da ɓaraguzan dutse masu kaifi. Mai santsi ko guda babu.

Fatihu ya zauna daɓas. "Shi ke nan, kogin ya ƙare."

"Ko dai ya karkata wani wajen," in ji Malam Uwais, yana karkaɗe wandonsa, "ko kuma zatonmu ne da gyara."

Aina'u ta miƙe tana duban gabas, inda rufin kwanon wani ƙauye ke ƙyalli a bayan itatuwan ɗorawa. "Baba, can fa? Akwai rijiyoyi?"

"Akwai, amma ba ni na haƙa su ba. Wani Munir ne, na san shi." Baba Sha'aban ya saɓa dagi a kafaɗa. "Ranar kasuwa zan gan shi. Ki ba ni guda ɗaya na sa a aljihu na nuna masa, don ni ma yanzu so nake na sani."

Ta zaɓi mai ruwan zumar ta ba shi, suka kamo hanyar gida ana kiran sallar La'asar.