Fuskar Tarayya

Tsufa ba ƙaddara ba ce, sakaci ne. Kimiyya ta gama magana a kan wannan, saura waɗanda labari bai kai musu ba. Haka Lauya ta bayyana wa 'yar'uwarta Tela, tana zaune a kujerar masu jiran ɗinki, fuskarta a kumbure tana ƙyalli da man da likita ya ba ta.

Tagwaye ne. Lauya ce ta riga fitowa, da tazarar da ba ta isa a sha ruwa ba, amma tun suna yara ta kafa doka a riƙa ce mata Yaya.

"Wuta aka sa miki, Yaya?" in ji Tela.

"Haske ne. Na'ura ce ke kankare fatar sama, sabuwa ta tsiro. Ɗan ƙauri kawai za ki ji."

"Ƙaurin wa?"

"Naki mana. Da na wa?"

"Kuma da ƙafarki kika kai kanki."

Tela ta datse zare da haƙori, ta ci gaba da taka keke. Ita madubin shagonta na masu gwada kaya ne. In tana son sanin yadda take, Yaya take kallo. Suna ƙanana, mahaifiyarsu kan ɗaura wa ɗaya zare a hannu don ta bambance su, su kuma su yi musaya a bayan ƙofa. Tela ta sha bulalar da aka yanka wa Yaya, Yaya ta zauna mata jarrabawar lissafi. Mutumin da ya auri Tela ma, a gaban Yaya ya fara zazzage zuciyarsa. Ta saurare shi har ya kai aya, ta gyara masa kalma biyu, sannan ta ce ya jira a kira masa mai ita.

Tsufan ma tare ya zo musu. Layin da ke tsakanin gira ya fito musu shekarar da mahaifinsu ya rasu. Na gefen baki kuwa gadon mahaifiyarsu ne sak. Duk ranar da kewarta ta taso wa Tela, sai ta nemi abin da zai ba Yaya dariya, ta zauna tana kallo.

Da fatar ta gama saɓa, aikin ya yi kyau. Matsalar ke nan. Yaya ta shigo shagon da fuskar da suke da ita lokacin da Tela ta sayi kekenta na farko.

"Ki shirya in kai ki," in ji Lauya. "Ba zafi sosai."

"Bari dai, Yaya. In kowa ya goge, wa zai riƙe mana fuskar Mama?"

"Akwai hotuna."

"Hoto ba ya dariya."

Ranar suka fita sayen yadi a wani sabon kanti. Duk tsawon rayuwarsu tambaya ɗaya baƙo ke yi musu: wace ce wace? Amsar ma sun haddace ta, kowacce sai ta nuna 'yar'uwarta da yatsa. Tela har ta fara ɗaga hannu.

Mai kantin ta dube su, ta sake dubawa, ta yi wa Tela murmushi.

"Mama, 'yarki ce? Kai, kamarku ɗaya."

Tela ta jira. Yaya ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ta gabanta ba, ko na alƙali ne. Yau kuwa ta duƙufa tana murza bakin wani yadi, tana duba ingancinsa da matuƙar natsuwa. Murmushi take ƙoƙarin dannewa, kuma babu layi ko ɗaya a gefen bakin da zai tona ta.

Tela ta sauke hannunta.

"Ta fari ce," ta ce.

Mai kantin ta jawo mata kujera, kada tsayuwa ta gajiyar da ita. Ta yi godiya, ta zauna.