Gishiri a Gindin Eriya

Shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu, sana'ata ta farfaɗo. Sunana Mas'ud, gyaran rediyo nake yi a bakin titin Sheme, kuma kafin lokacin har na fara tunanin tattara kayan aikina, don kowa ya koma latsa waya. Da wayoyi suka yi shiru, sai ga tsofaffin rediyoyi suna fitowa daga ƙarƙashin gadaje, wasu har da gidan zanzaro a ciki. Aiki ya samu, amma babu abokin hira. Iyalina suna Funtuwa wajen surukaina tun da zaman ƙauye ya zama na ɗar-ɗar. Ni kaɗai nake kwana nake tashi, abinci ma a tsaye nake ci.

Nata'ala direba, wanda ke jigilar hatsi tsakaninmu da Kaduna, shi ya kawo mani saƙon cewa wani dattijo a bayan Ruwan Godiya yana son a kafa masa eriya. Na ɗaure kaya a keke na tafi.

Dattijon, Baba Rabo, ya haura saba'in. Gidansa ɗaki tara ne, takwas da kwaɗo a jiki. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, 'ya'yansa maza sun kora dabbobi sun bar garin, shi kuwa ya ce ba inda za shi ya bar dawarsa tana fitar da kai. Abin da ya rage masa mai numfashi a gidan wani tsohon sa ne gurgu, wanda ko ɓarayin shanu ba za su ɓata igiyarsu a kansa ba. Autarsa Shafa'atu tana aure a Kaduna. Da can duk Juma'a take kiransa, yanzu mako bakwai ke nan bai ji muryarta ba. An gaya masa mutane suna kiran wata tasha su gaida 'yan uwansu na yankin da babu waya, amma duwatsun da suka kewaye unguwar sun tare, rediyonsa ba ta kama komai sai shuuu.

Na haɗa bututun ƙarfe biyu a kwance, na ɗaura eriyar a kai tun tana ƙasa, don ni ba na hawa abin da zan iya kwantarwa. Baba ya so a jingina ta da turken wayar wuta da ke ƙofar gida, tunda a cewarsa rabon wayar da wuta tun kafin auren Shafa'atu. Na ƙi. Na ce ranar da za ta tuna da aikinta ba za ta aiko da sanarwa ba. Muka koma tsakar gida, muka ɗaga sandar tare, na ɗaure ta da wayoyi uku ta kusurwa uku har ta daina rawa.

Sai aikin da ya fi duka muhimmanci, wanda kuma mutane suka fi rainawa. Na haƙa rami a gindin sandar, na kafa rodin ƙarfe mai tsawon mutum har sai da kansa kaɗai ya rage a waje, na cika ramin da gawayi da gishiri, na kwarara ruwa. Daga nan na ɗaure wayar tagulla mai kauri daga sandar zuwa rodin, gajera, ba lanƙwasa.

"Yaro, eriya ka zo kafawa ko miya za ka yi?" in ji Baba.

Na yi masa bayani cewa gishiri da gawayi suna riƙe danshi, in tsawa ta sauka a kan sandar sai ta bi wayar ta nutse cikin ƙasa maimakon ta biyo shi ɗaki. Na kuma ja masa kunne cewa duk da haka, da ya ga hadari ya haɗo ya zare wayar eriyar daga jikin rediyo ya jefa ta waje. Ya ce ya ji. Da na murɗa rediyon murya ta fito tangaram, sai ya zauna a kan turmi yana saurare, ya manta ina wurin. Na tausaya masa, kuma gaskiya na tausaya wa kaina, don na san irin wannan zaman.

Bayan mako biyu Nata'ala ya dawo da albishir. Mijin Shafa'atu ya san mai gabatar da shirin gaishe-gaishe, kuma an yi masa alkawarin za a ɗauki kiranta ranar Juma'a bayan la'asar. Ta sha gwadawa layi a cushe, wannan ce damar da ta samu. Baba ya aiko lallai in zo, kada rediyo ta ba shi kunya.

Ana saukowa daga sallar Juma'a na hau keke. Tun a hanya na ga gabas ta fara duhu, irin hadarin ƙarshen damina mai ƙarancin ruwa da yawan faɗa. Ina shiga gidan na tsaya cak. Gurgun san nan nasa yana ɗaure a jikin rodina. Ya tone ramin da kofato, ya lashe ƙasar har ta yi sulɓi, ya yi ta jijjiga rodin har ya karkace, wayar tagullar kuwa ta tsinke tana lilo.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a gaban dattijo. Baba ya ce ai san ne ya gano gishirin da kansa, kullum sai ya tsinke igiya ya zo nan, kuma rabon san da lasar gishiri tun da aka daina cin kasuwa. Da ya ga haka, ga ƙarfe kafaffe ya fi turkensa ƙarfi, sai ya ce to ya zauna nan ɗin, kowa ya huta. A wurinsa wannan dabara ce, kuma duk wanda ya tashi da shanu haka zai yi. Laifin nawa ne da ban kewaye wurin da ƙaya ba.

Na kwance san na ja shi can bayan rumbu. Gyara kuwa ba hali, an riga an fara rugugi, kuma ba mai hankalin da zai riƙe wayar da ke haɗe da dogon ƙarfe a wannan lokaci. Yanzu hanya ɗaya ta rage wa tsawa in ta sauka: wayar da ta shiga ta taga zuwa rediyon.

Na same shi a ɗaki, bai tuɓe rigar Juma'a ba, har turare ya ƙara. Rediyon na kan cinyarsa, ya rungume ta da hannu biyu. Na roƙe shi ya bari in zare. Ya ce minti biyar. Na ce to ya ajiye ta a ƙasa, ya ce a ƙasa ba ya ji sosai. A cikin shirin, wani ya kira ya gaida mutanen Damari kaf, gida gida, har da mai shayi. Wata ta kira daga Kano tana neman labarin yayanta a Ƙanƙara. Duk walƙiya sai rediyon ta yi ƙarar ƙas-ƙas, kuma tazarar da ke tsakanin hasken da rugugin sai raguwa take. Tsoro ya kama ni sosai.

Can mai shirin ya ce ga wata baiwar Allah daga Kaduna, Shafa'atu Rabo. Baba ya sunkuyar da kai har kunnensa ya taɓa rediyon.

"Assalamu alaikum. Baba..."

Ɗakin ya yi fari fat, ƙarar ta zo tare da hasken. Ban yi shawara da kowa ba, na fizge wayar na wurga ta taga. Rediyon ta koma shuuu.

Ba abin da ya faɗo a kan sandar. An yi ruwa na kusan awa ɗaya, muna zaune, shi yana murɗa rediyon hagu da dama ko za ta kama da kanta. Da sama ta washe na mayar da wayar, muka tarar ana tallar takin zamani.

Na fita na miƙe rodin, na ƙara kafa shi, na ɗaura sabuwar waya, na saro ƙaya na kewaye wurin. Na yi aikin a hankali don ba na son komawa ɗakin. Na san abin da na yi daidai ne, ko yau aka maimaita haka zan yi, amma ban taɓa jin kunyar aikin daidai irin ta ranar ba.

Ina ɗaure kaya a keke ya fito.

"Ba ka yi laifi ba, ɗana," ya ce. "Kai ka ji mi ta ce bayan Baba?"

Na ce ban ji ba.

"Ni ma haka. Amma muryar ta dushe. Mura ce, tun tana 'yar ƙanƙanuwa haka take yi mata in damina za ta fita."

Ya miƙo mani wani ƙullin leda, citta ce da kanumfari da 'yar kwalbar zuma. Ya ce in ba Nata'ala ya kai mata, a gaya mata ta riƙa sha da ruwan ɗumi safe da yamma, kuma a ce mata ya ji gaisuwar duka.