Baƙon da Bai Ci Nama Ba

Shekarar da rijiyoyin ƙauyen suka ƙafe, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, aka kawo wani Ba'indiye mai haƙa rijiyar burtsatse. Malam Dallatu, da yake shi ne mai unguwa, ya yanka akuya ɗaya da ta rage masa, aka kai wa baƙon farfesu gindin darbejiya.

Baƙon ya leƙa kwanon, ya haɗa tafukansa, ya ture shi a hankali. Ran Malam Dallatu ya ɓaci. Dattawa suka fara gunaguni, wai ƙyamarsu yake yi.

Huseina, 'yar Malam Dallatu da ta dawo daga karatun haɗa magunguna a Indiya, ta zo ta durƙusa. "Baba, ba raini ba ne. Da yawansu ba sa cin nama tun haihuwa. Ni ma can sau nawa na mayar da kwano ina jin kunya, kuma ba wanda ya riƙe ni a rai."

Ta juya ta gaida baƙon da yarensu, ta gaya masa darajar akuyar nan a gidan da ake auna tuwo. Mutumin ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji, ya rusuna wa Malam Dallatu.

Huseina ta shiga gida ta kwaɗanta zogale da ƙuli-ƙuli, ta haɗa da dafaffen wake. Baƙon ya cinye tas, har ya nemi ƙari. Malam Dallatu ya raba farfesun ga ma'aikatan injin haƙar rijiyar, yana satar kallon 'yarsa, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.