Hannun Hagun Pyo Dal-su

"Kada ka ɗaga shi," in ji Sun-rye, tana ɓalla masa maɓallin riga. "In likitar gwamnati ta ce ka ɗaga hannu, ka bar shi yadda Allah ya bar shi."

"Ke da ba kya fashin coci, ke za ki koya mini ƙarya?"

"Ina ƙarya a nan, Yaya? Hannun da ko cokali ba ya riƙewa!"

Pyo Dal-su ya yi dariyarsa ta gefen baki guda. Ƙuruciyarsa duk a walda ta ƙare, a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta birnin Busan, kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a wannan ɗakin haya na ƙarshen tudu. Ba mata, ba ɗa. Tun bazara yake jiran hukuma ta yanke ko ya cancanci tallafin naƙasassu. Bang Sun-rye gwauruwa ce, gidanta na ƙasa da nasa, kuma ita ƙaramin cocin unguwar ya ɗora wa aikin kai abinci ga masu irin wannan jiran: shinkafa, kabeji mai tsami da yaji da ake kira kimchi, miyar ganyen teku, da gawayin ɗumama ɗaki in an samu.

A asibiti tana tsaye bakin ƙofa likitar ta ce, "Baba, gwada ɗaga hannun mu gani." Dal-su ya cije leɓe. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa, hannun yana karkarwa ya hau har kafaɗa. Likitar ta gyaɗa kai, ta ce sai an sake zama a kan maganarsa.

A cikin bas Sun-rye ta ƙi kula shi.

"Da na haihu, likitar nan sa'ar 'yata ce," ya ce, idonsa a kan taga. "Kin ga kallon da ta yi mini? Kamar tsumman goge ƙasa."

Sanyi ya shigo, amsa ba ta zo ba. Masu jira suka ƙaru a unguwar, tukunyar coci kuwa tana nan yadda take. Fasto ya ce mata, "Inna Bang, gawayin nan sai dai a raba shi biyu." Ta riƙa ƙara wa Dal-su daga nata, tana cewa na coci ne. Duk da haka tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ta ce a je asibiti. Ya ce ba inda za shi, kada hukuma ta bugo waya ba ya nan.

Wata ranar Talata ta tarar bai taɓa abincin jiya ba. Ta ɗumama miya, ta zauna tana ba shi a baki. Shi da kullum in ta rufe ido za ta yi addu'a sai ya hau kaɗa kwano da cokali, ran nan shiru ya yi.

"Yi abin naki, uwar coci," ya ce. "Amma a taƙaice, miya na hucewa."

Ta yi. Da ta buɗe ido, nasa a rufe suke.

"Kin gaya wa Allah ina jira?"

"Ya sani, Yaya."

"Shi ma sai ya sake zama ke nan."

Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa, ba amsa. Ta tura ƙofar. Yana zaune jingine da bango, lulluɓe da bargo, wayar a cinyarsa. Ɗakin ya yi sanyi ƙalau. Ta ajiye kwanon a hankali kamar mai gudun tashinsa, ta zauna kusa da shi ta daɗe kafin ta kira Fasto.

Coci ne ya yi jana'izar. Ita da Fasto da mata biyu masu dafa miya, su ke nan.

Kafin mako ya zagayo, mai gidan ta kwashe kayansa ta jera a bakin hanya don masu shara. Sun-rye na hawowa da abincin wani gida ta tsaya. A saman tarin akwai takalmansa baƙaƙe. Na dama yana nan da kyansa. Na hagu, na ƙafar da yake ja, gefensa ya cinye har ana ganin ƙusoshi, dusar ƙanƙara tana sauka a cikinsa a hankali.