Malamar Aro

Da reza take kankare tambarin da ke manne a gindin madubin duba ƙwayoyin cuta, a hankali don kada ta karce fentin. Sunan wata makaranta ne a jiki, ba na jami'arsu ba. A waje kuma ana ta sauke kaya daga babbar mota: firji, kujeru, littattafai, har da tukwanen furanni. Duk na aro ne. Jibi masu tantancewa za su zo, wato kwamitin da hukuma ke turowa ya duba ko sashe yana da kayan aiki da isassun malamai. In bai gamsu ba a rufe kwas ɗin, ɗalibai su kama gabansu.

Malama Sa-kai ɗalibai ke ce mata, kuma ba su yi ƙarya ba. Tun da ta gama digirinta na biyu take koyarwa a sashen, ba albashi ba ofis. Jakarta ce ofishinta, bencin ɗakin gwaji ne teburinta. Kullum ana ce mata ta ƙara haƙuri, har haƙurin ya fara furfura.

"'Yata, ajiye rezar nan ki zo."

Farfesa ne, shugaban sashe, malaminta tun tana ajin farko. Ya kai ta ƙofar wani ɗaki da aka share jiya, ya danƙa mata mabuɗi.

"Daga yau ofishinki ne. In sun tambaye ki, ke cikakkiyar ma'aikaciya ce."

"Ranka ya daɗe, ai ba a ba ni takarda ba tukuna."

"Tana hanya. Ni da na raine ki zan yi miki ƙarya? Fanninki ba mu da kowa sai ke. Mu tsallake wannan siraɗin, gurbin da za a buɗe naki ne."

Da yamma ta nuna wa Baba, mahaifinta, mabuɗin. Tsohon direban bas ɗin jami'ar ne, ya yi ritaya da ciwon gwiwa da tarin labarai. Ya juya mabuɗin a tafin hannunsa kamar an ba shi zinariya.

"Ban faɗa miki ba? Yaron nan tun yana ɗalibi nake ɗaukarsa a bas, kujerar bayana yake zama. Ɗan halak ne."

"Baba, kada ka faɗa wa kowa tukuna."

"Wa zan faɗa wa?"

Kafin rana ta faɗi, har mai gyaran takalmi na bakin layi ya aiko da barka.

* * *

Ranar tantancewa sashen ya yi kyau har ya ba ta kunya. Ɗalibai sanye da fararen riguna da aka raba musu da safe, kowa ya duƙufa a kan madubin da bai taɓa gani ba. Farfesa yana gaba yana nuni da hannu, baƙi suna biye suna gyaɗa kai.

Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Ita kaɗai ta shigo sabon ofishin, ta mayar da ƙofa ta rufe. Ta shafa bango da ɗan yatsa, ta dubi yatsan, sannan ta zauna.

"'Yata, na tsufa a wannan aikin. Na san warin fentin jiya, na san kujerar da ba ta saba da mai ita ba. Ba kayan na zo tambaya ba. Ɗalibai sun yaba mini ke. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, an ɗauke ki aiki?"

Ta tuna ɗaliban ajin ƙarshe da za su watse in aka rufe kwas ɗin. Ta tuna Farfesa, ta tuna Baba da mai gyaran takalmi. A ganinta ba ƙarya za ta yi ba, gaskiya ce da ba ta ƙaraso ba tukuna.

"An ɗauke ni, ranki ya daɗe."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon ta. Ba fushi a idonta, wani abu ne mai kama da tausayi, wanda a lokacin Malama ba ta gane dalilinsa ba.

"To, shi ke nan. Ke kika faɗa."

Washegari motar ta dawo ta kwashe komai, har furannin. Mai kula da sito ya karɓi mabuɗin, ya ce za a gyara rufin ɗakin ne. Ta koma bencinta ba tare da damuwa ba, don ta ɗauka saura ƙiris.

* * *

Sashen ya ci tantancewa da babban maki. Ba a daɗe ba aka ɗaga Farfesa zuwa mataimakin shugaban jami'a, ya koma bene na sama. Da ya aiko a kira ta, Baba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya raka ta. Ya sa rigarsa ta fita, ya hau benen yana hutawa a kowane hawa. Ta zaunar da shi a bencin ƙofa ta shiga.

Farfesa bai ce ta zauna ba. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan halin da jami'a ke ciki kafin ya iso inda za shi.

"Rahoton kwamiti ya ce fanninki yana da cikakkiyar malama. Da sun rubuta akwai giɓi, dole majalisar gudanarwa ta ɗauki mutum kafin a amince da kwas ɗin. Yanzu kuwa sun ce ba giɓi."

Sai a lokacin ta gane kallon dattijuwar. Ashe matar nan ƙofa ta buɗe mata, ita kuma ta sa hannu biyu ta rufe.

"Ranka ya daɗe, malamar da suke nufi ai ni ce."

"Ke da bakinki kika ce musu an ɗauke ki."

"Kai ka ce in faɗa."

"Don sashe kika yi, Allah zai ba ki lada."

"Gurbin da ka ce nawa ne fa?"

Ya gyara zaman tabarau. "An mayar da shi wani sashen. Ɗan ƙanwar shugaban majalisa ya dawo daga karatu."

"Ka san da haka ranar da ka ba ni mabuɗi?"

Ya jawo wayarsa yana dubawa. "Shugabanci a ba ka ne ka bayar, 'yata, wata rana za ki gane. Ki ci gaba da ajinki, kada ɗalibai su cutu."

Ba rashin aikin ne ya fi ƙona mata rai ba. Kalmar 'yata ce, yadda ta fito daga bakinsa sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. An yi mata sakiyar da ba ruwa, kuma da hannunta aka yi.

Tana buɗe ƙofa Baba ya miƙe. Bai tsaya duba fuskarta ba, ya tuɓe takalmansa ya shige. Kafin ta riƙo shi ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa sai da nishi.

"Ranka ya daɗe, na zo godiya. Ka share mana hawaye. Yadda ka riƙe tawa, Allah ya riƙe maka naka."

Ta zuba wa Farfesa ido, ko zai ji kunyar furfurar nan ya faɗi gaskiya.

"Amin, Baba, amin," in ji shi yana murmushi. "Ba komai, ai 'yarmu ce."

Baba ya ci gaba da jero addu'a. Ita kuwa ta sunkuya ta ɗauki takalmansa, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da su tana jiran ya gama. Sai yanzu ta lura, sabuwar dunduniya aka sa musu saboda zuwan yau.